Konami: shin kamfanin ya sauya hali ne a 2015, ko dama can haka yake?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya, lokacin da ake tattauna batun gem ɗin ƙwallon ƙafa na eFootball a wannan zaure, wani ɗan'uwa ya ce kamfanin gem na Japan mai suna Konami ya ci amanar masoyansa tun shekarar 2015, lokacin da ya rabu da fitaccen mai ƙera gem ɗinsa Hideo Kojima ya karkata ga gem na waya, kuma mutane da dama sun mara masa baya. Na yi shiru a ranar ne saboda ina son in ɗauko maganar daga tushe, domin a ganina duk wanda ya bi tarihin kamfanin tun farko zai yi wuya ya kira abin da ya faru cin amana.

Kagemasa Kozuki ya fara wannan harka a watan Maris na 1969 a garin Toyonaka da ke yankin Osaka, kuma sana'arsa a lokacin ita ce bayar da hayar akwatunan kiɗa da gyaransu, irin waɗanda ake ajiyewa a wuraren shaƙatawa, mutum ya jefa kwabo ya zaɓi waƙar da yake so ta tashi. A 1973 aka yi wa kamfanin rajista da sunan Konami Industry, sunan da aka harhaɗa daga farkon sunayen Kozuki da abokan aikinsa biyu, Nakama da Miyasako. Sai a 1978 ya fara ƙera na'urorin gem na jefa kwabo, bayan shekara guda kuma ya fara tura su Amurka. Daga nan ne Scramble da Frogger suka fito a 1981, Track & Field a 1983, Gradius a 1985. Kamfanin ya shiga kasuwar hannayen jari ta Osaka a 1984, sannan ta Tokyo a 1988.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, mutumin da ya fara da hayar akwatin kiɗa bai taɓa zama mawaƙi ba. Gwanintarsa ita ce gane inda jama'a suke kashe ɗan canjin aljihunsu idan sun tashi daga aiki, ya kai na'urarsa wurin, idan kuma canjin ya koma wani wuri ya ɗauke na'urar ya bi shi. Da kuɗin ya koma gidaje, kamfanin ya shiga yin gem na na'urar Famicom ta Nintendo da kwamfutar MSX. Da ya koma katin wasa, ya fito da katin Yu-Gi-Oh! a 1999. A 2001 ya sayi kamfanin People mai gidajen motsa jiki ya mayar da shi Konami Sports. Da kuɗin ya koma wayar hannu, sai ya bi shi can. Kozuki, wanda aka haifa a 1940, shi ne shugaban hukumar daraktocin kamfanin fiye da shekara hamsin bayan kafa shi, ɗansa Takuya kuma ya riƙe kujerar shugabanci daga 2012 zuwa 2020. Gida ɗaya ne, tunani ɗaya ne. Mu ne muka ɗauki wasu shekaru ashirin daga tsakiyar tarihin muka zaci su ne dukkan labarin.

Injiniya Kabiru:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yarda da shekarun da ka kawo, amma ban yarda da hukuncin da ka gina a kansu ba. Kamfanonin da suka ƙera na'urar jefa kwabo a Japan a ƙarshen shekarun 1970 suna da yawa, kuma akasarinsu yau ko sunansu ba a tunawa. Abin da ya raba Konami da su shi ne mutanen da ya ɗauka aiki, da kuma damar da ya ba su su gwada abin da ba a taɓa yi ba.

Ka ɗauki Metal Gear na 1987. Hideo Kojima ya shiga kamfanin a 1986, aka miƙa masa aikin gem na yaƙi a kan kwamfutar MSX2, wadda ba ta iya nuna sojoji da harsasai masu yawa a allo lokaci guda. Maimakon ya dage a kan harbe-harbe, sai ya juya tsarin: aikin mai wasa ya zama ɓuya da sanɗa don kada abokan gaba su gan shi. Daga wannan ƙarancin ƙarfin na'ura aka samu sabon nau'in gem gaba ɗaya. Babu wani mai lissafin riba da zai zauna a ofis ya ƙirƙiro wannan. Haka Castlevania a 1986, da Contra a 1987, da Beatmania a 1997, da Dance Dance Revolution a 1998, da Silent Hill a 1999, inda aka lulluɓe garin da hazo saboda PlayStation na farko ba ya iya zana nesa, hazon kuma ya zama shi ne abin da ke sa tsigar jikin mai wasa tashi. Kamfani ya yi shekara ashirin yana cin gajiyar irin waɗannan mutane, sannan ya juya musu baya, ai dole a ce wani abu ya sauya.

Abban Khalil:
Ni ban kai ku karatun tarihin kamfanoni ba, amma na riƙe gidan gem a Kano na wasu shekaru a zamanin PlayStation 2, don haka ina da abin faɗa. Shago ne ƙarami mai talabijin huɗu, benci biyu, da janareta a bayan ƙofa, kuma a talabijin uku cikin huɗun nan gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven ne ko Pro Evolution Soccer (PES) daga safe har dare. Hannun gem da ya fi saurin lalacewa a wurina shi ne wanda ake danna maɓallin gudu, har robar samansa ta shafe ta yi santsi. Yaran ba su damu da cewa an rubuta Man Red a madadin Manchester United ba, ko Merseyside Red a madadin Liverpool, domin ni da kaina nake kwana ina gyara sunayen ɗaya bayan ɗaya in adana su a memori, washegari kowa ya tarar da ƙungiyarsa da sunanta na gaskiya.

Tun zamanin PlayStation na farko akwai abin da ke sa mu alfahari: Tijani Babangida, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax, yana cikin 'yan wasan da suka fi kowa gudu a gem ɗin, har mutanen Asiya da ba su taɓa ganin wasansa na gaske ba sun san sunansa ta wannan hanya. Daga baya aka zo zamanin Inter Milan, Adriano da ƙarfin harbi, Obafemi Martins da gudu, har sai da na kafa doka a shagon cewa idan mutum biyu suka nace a kan Inter, to kowa ya haƙura ya zaɓi wata. Saboda haka idan Malam Nasiru ya ce kamfanin kuɗi kawai yake bi, zan ce masa a lokacin kam kuɗin da ingancin tafiya ɗaya suke yi.

Malam Nasiru:
Abban Khalil, Allah ya saka da alheri, ka tuna mana zamani. Jimlarka ta ƙarshe ita ce ainihin abin da nake faɗa: a lokacin kuɗi da inganci hanya ɗaya suke bi, da hanyar ta rabu biyu kuma kamfanin bai yi jinkirin zaɓa ba.

Injiniya, game da ma'aikata, tarihin rabuwar Konami da gwanayensa ya girmi rikicin Kojima da shekara talatin. Yoshiki Okamoto, wanda ya yi Time Pilot da Gyruss, ya bar kamfanin a farkon shekarun 1980 bayan saɓani a kan albashi, ya koma Capcom, inda daga baya ya jagoranci sashen da ya fito da Street Fighter II. A 1992 wasu ma'aikata ƙarƙashin Masato Maegawa suka fice suka kafa kamfanin Treasure saboda sun gaji da maimaita tsofaffin sunaye. Yoshitaka Murayama mai Suikoden ya tafi a 2002, Koji Igarashi mai Castlevania ya tafi a 2014. Kojima dai shi ne wanda sunansa ya fi ƙarfi, shi ya sa tafiyarsa ta yi amo.

Akwai kuma misalin da ke nuna irin wayon kasuwancin gidan tun da daɗewa. Lokacin da reshen Nintendo na Amurka ya kafa sharaɗin cewa kowane kamfani gem biyar kaɗai zai fitar a shekara a kan na'urar NES, Konami ya buɗe wani kamfani na daban a 1988 mai suna Ultra Games, ya riƙa fitar da ƙarin gem ta wannan suna, ciki har da Metal Gear da Teenage Mutant Ninja Turtles. Da aka sassauta sharaɗin, aka rufe Ultra a 1992.

Injiniya Kabiru:
Malam, tafiyar ma'aikaci abu ne da ke faruwa a kowace ma'aikata, amma yadda aka rabu shi ke nuna hali. Bari in jero abin da ya faru cikin wata goma sha shida kawai, kowa ya auna da kansa.

A watan Agustan 2014 aka saki wani ɗan gajeren gem kyauta mai suna P.T. a kan PlayStation 4, wanda daga baya aka gano cewa share fage ne na sabon Silent Hills da Kojima zai yi tare da daraktan fim Guillermo del Toro da ɗan wasan kwaikwayo Norman Reedus. Jama'a sun karɓe shi hannu bibbiyu. A watan Maris na 2015 aka fara cire sunan Kojima daga tallace-tallacen Metal Gear Solid V. A watan Afrilu aka soke Silent Hills, aka kuma cire P.T. daga shagon PlayStation ta yadda ko wanda ya taɓa sauke shi ba zai iya sake saukewa ba. A cikin watan dai kamfanin ya janye hannayen jarinsa daga kasuwar New York, wadda ya shiga tun 2002. A watan Agusta jaridar Nikkei ta wallafa rahoton da ya ce ana sa ido a kan lokacin cin abincin ma'aikata, ana kuma mayar da wasu masu ƙera gem aikin gadi, ko shara a gidajen motsa jiki, ko aikin hannu a masana'antar injinan caca da ake kira pachislot. Metal Gear Solid V ya fito ranar 1 ga Satumba, kuma kafin ƙarshen shekarar an fitar da kwafi miliyan 6. A watan Disamba, a bikin The Game Awards, mai gabatarwa Geoff Keighley ya shaida wa mahalarta cewa lauyan Konami ya hana Kojima zuwa karɓar kyautar da gem ɗin ya ci. Kwanaki kaɗan bayan haka Kojima ya sanar da kafa nasa kamfani mai zaman kansa tare da yarjejeniya da Sony.

Mutumin ya yi wa kamfanin aiki kusan shekara talatin. Ko da lissafi ya nuna dole a rabu, akwai rabuwar mutunci, kuma cire P.T. gaba ɗaya babu wata riba da ya kawo wa kowa.

Malam Nasiru:
A kan batun mutunci ba ni da ja, Injiniya, kuma ba zan kare hana mutum karɓar kyautarsa ba. Amma wancan rahoto na Nikkei ɗin ya kawo wani adadi da ya kamata a ajiye kusa da sauran: kuɗin da aka kashe a kan Metal Gear Solid V ya haura yen biliyan 10, aikin kuma ya ci shekaru. A ɗaya ɓangaren, tun 2010 kamfanin ya fitar da Dragon Collection a dandalin wayar hannu na GREE, gem ɗin da aka yi da kuɗi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da wancan, amma yana shigo da kuɗi kowane wata ba tare da faifai ko shago ko jigila ba. Hideki Hayakawa, wanda ya jagoranci wannan aiki, shi aka naɗa shugaban Konami Digital Entertainment a watan Afrilun 2015, kuma ya fito fili ya ce wayar hannu ce za ta kasance a gaba. Idan kai ne mai gida, ɗa ɗaya yana neman jari mai yawa ya ce ka jira shekara biyar, ɗayan yana kawo ciniki kullum da yamma, ka san wanda za ka miƙa wa makullin shago.

Maman Yusra:
Assalamu alaikum. Ina bin wannan muhawara tun farko, kuma ina ganin akwai ɓangaren da Malam Nasiru ya taɓa sama-sama alhali shi ya fi damuna a matsayina na uwa. Malam ya ce kamfanin yana bin inda kuɗi yake, to amma wane irin kuɗi? Tun 1996 Konami ya buɗe reshe a Ostireliya, a 1997 kuma ya kafa Konami Gaming a Amurka, wanda hedikwatarsa ke Las Vegas, kuma aikin waɗannan rassa shi ne ƙera injinan caca da manhajar tafiyar da gidajen caca. A Japan kuma yana ƙera injinan pachislot. Dokar ƙasar ta hana yawancin nau'o'in caca, amma ana zagaye ta: mai wasa yana karɓar wata 'yar kyauta a cikin gidan, sannan ya fita ya sayar da ita a wata taga ta daban ya karɓi kuɗi. A 2016, shekara guda bayan tafiyar Kojima, aka ɗauki labarin Metal Gear Solid 3 aka sabunta hotunansa da kyau, aka ɗora shi a kan irin wannan inji.

Abin da ya fi kusa da gidajenmu shi ne tsarin da Japanawa ke kira gacha, wanda yaranmu ke gani a waya: ka sayi kuɗin cikin gem da kuɗin gaske, ka danna, ka jira ka ga wane ɗan wasa zai fito maka, wataƙila wanda kake nema, wataƙila wanda ba ka buƙata. Hukumar kare masu saye ta Japan da kanta ta haramta wani nau'insa a 2012, hukumar kula da caca ta Beljiyam kuma ta yanke hukunci a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan sa'a na kuɗi caca ne. A zamanin shagon Abban Khalil yaro yana biyan kuɗin wasa ɗaya ya san abin da ya saya, ya buga, ya tashi. Yanzu yana biyan kuɗi a kan abin da bai san me zai fito ba, kuma shagon yana cikin aljihunsa har cikin ɗakin kwana. Ni a wurina wannan ne babban sauyin da ya faru a tarihin kamfanin, ya fi tafiyar mutum ɗaya nauyi komai shahararsa.

Malam Nasiru:
Hajiya, kin yi gaskiya, kuma na karɓi gyara a kan cewa na wuce wurin da sauri. Ƙarin bayani ɗaya zan yi don adalci. An yawaita cewa Konami ya bar gem ya koma pachinko, wato injinan caca na Japan, amma rahotannin kuɗin da kamfanin ke fitarwa kowace shekara ba su nuna haka ba. Rassansa huɗu ne: gem da katin wasa, na'urorin wuraren shaƙatawa, injinan gidajen caca, da gidajen motsa jiki. Reshen farko shi ke kawo mafi yawan ciniki da riba, da tazara mai nisa. Sai dai wannan yana ƙarfafa maganarki ne ta wata fuska, domin babban kaso na wannan ribar daga gem na waya yake fitowa, inda tsarin da kika bayyana yake aiki.

Ɗan Damagaram:
Ina gaishe da manyan zaure. Mu ma a Zinder da PES muka tashi, kuma ina so in mayar da maganar kan ƙwallo, domin ina ganin Konami ya fara rasa wannan fage tun kafin 2015, kuma dalilin ba wayar hannu ba ne.

Gem ɗin ƙwallon kamfanin rassa biyu ne a asali. Ofishin Osaka ya yi International Superstar Soccer a 1994 a kan Super Nintendo, ofishin Tokyo kuma ya fara Winning Eleven a 1995 a kan PlayStation, wanda a ƙarƙashin Shingo Takatsuka ya zama Pro Evolution Soccer a Turai daga 2001. Daga nan har zuwa PES 6 a 2006 babu mai tantama cewa a cikin fili ya fi FIFA na kamfanin EA daɗin bugawa, ko da yake EA ke da lasisin manyan gasanni da sunayen ƙungiyoyi. Da aka koma PlayStation 3 da Xbox 360, EA ya zuba jari ya sake gina injin gem ɗinsa, Konami kuma ya ci gaba da tsohon tsari, har PES 2008 ya fito da matsalar tsaitsayawa da rashin kyawun wasa ta intanet. A 2009 EA ya ƙaddamar da Ultimate Team, tsarin haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa da ake saya, wanda ya ba shi kuɗin da zai riƙa sayen lasisi yadda yake so. Konami ya riƙe lasisin gasar Zakarun Turai na shekara goma, ya rasa shi a 2018. Ya yi ƙoƙarin ramawa da ƙungiyoyi ɗaiɗai, har a 2019 ya ƙulla yarjejeniya da Juventus wadda ta tilasta wa FIFA 20 kiran ƙungiyar Piemonte Calcio, amma wannan bai mayar da kasuwar ba.

Don haka lokacin da aka binne sunan PES aka fito da eFootball kyauta ranar 30 ga Satumban 2021, mataki ne na wanda ya riga ya san ba zai ci wancan yaƙin ba. Kuskuren shi ne an fito da shi ɗanye. Fuskokin 'yan wasa a karkace, 'yan kallo kamar an yanka su daga kwali, babu Master League (tsarin da mutum ke gina ƙungiyarsa kaka bayan kaka), har ya zama gem ɗin da ya fi kowane samun mummunan sharhi a dandalin sayar da gem na Steam a lokacin, kamfanin ya fito ya nemi afuwa, cikakken sigar kuma ba ta fito ba sai watan Afrilun 2022.

Abban Khalil:
Ƙanena Ɗan Damagaram ya ambaci Master League, kuma nan ne ciwon yake. Wanda bai taɓa fara kaka da ƙagaggun 'yan wasa irin su Castolo da Minanda ba, yana tara maki a hankali har ya sayi ɗan wasa guda na kirki, ba zai gane abin da aka rasa ba. A can haƙurinka da iyawarka ke gina ƙungiya. Akwai wani matashi da ke zuwa shagona da memorinsa a cikin aljihun gaba na riga, ya yi wata biyu yana gina ƙungiyarsa, ranar da ya ci kofi duk shagon aka tashi tsaye.

Amma zan faɗi gaskiya ko da ta saɓa wa son raina. Ɗana yanzu yana buga eFootball a wayarsa da abokansa na Kaduna da Legas ba tare da ya sayi na'ura ko faifai ba, abin da ni a shekarunsa ko mafarkinsa ban yi ba. Matasan da ke bugawa a yau sun ninka waɗanda suka taɓa zama a kan bencina sau ba adadi.

Injiniya Kabiru:
Akwai kuma Hudson Soft, wanda ba a ambata ba har yanzu, alhali shi ne ya fi nuna yadda gidan ke mu'amala da abin da ya mallaka. Kamfanin Sapporo ne da aka kafa a 1973, shi ya yi Bomberman da Adventure Island, ya kuma haɗa kai da NEC wajen ƙera na'urar PC Engine a 1987. Bayan rushewar bankin Hokkaido Takushoku a 1997, wanda shi ne babban bankinsa, Hudson ya shiga matsi. Konami ya zama babban mai hannun jari a cikinsa a 2001, ya karɓi rinjaye a 2005, ya mallake shi gaba ɗaya a 2011, sannan a watan Maris na 2012 ya narkar da shi cikin kansa, sunan Hudson ya ɓace. Shekaru suka wuce ba a ji ɗuriyar yawancin gem ɗinsa ba. Kamfani mai shekara kusan arba'in ya zama jerin sunaye a cikin durowa.

Malam Nasiru:
Durowar da kake magana, Injiniya, an buɗe ta. Super Bomberman R ya fito tare da Nintendo Switch a 2017. Momotaro Dentetsu, wanda shi ma gadon Hudson ne, ya fito a kan Switch a watan Nuwamban 2020 kuma ya wuce kwafi miliyan 4, kusan duka a cikin Japan. Wannan wani abu ne da mu na waje muke mantawa: jerin gem ɗin wasan besbol na kamfanin, Powerful Pro da Pro Yakyu Spirits, ba a san su a wurinmu ba, amma suna cikin manyan ginshiƙan gidan, har a 2024 suka ɗauki tauraron besbol Shohei Ohtani a matsayin jakadansu. Yu-Gi-Oh! Master Duel ya fito a 2022 ya samu karɓuwa a duniya. A shekarar kuɗin da ta ƙare a watan Maris na 2025 cinikin kamfanin, wanda tun 2022 ake kira Konami Group, ya haura yen biliyan 400, abin da bai taɓa samu ba ko a zamanin da muke kira na zinariya.

Kuma yanzu ya dawo kan manyan gem na gida. Sabon Silent Hill 2 ya fito a watan Oktoban 2024, Metal Gear Solid Delta a watan Agustan 2025, Silent Hill f kuma a watan Satumban shekarar. Da kuɗin ya sake bayyana a wannan ɓangare, sai aka sake ɗauko na'urar aka kai ta wurin, kamar yadda na faɗa tun farko.

Injiniya Kabiru:
Ka duba su wane ne suka yi aikin, Malam. Silent Hill 2 kamfanin Bloober Team na ƙasar Poland ne ya sake gina shi, a kan labarin da ma'aikatan Konami suka rubuta a 2001. Silent Hill f kamfanin NeoBards aka ba wa. Delta kuma maimaicin gem ɗin 2004 ne, har muryoyin asali aka sake amfani da su. Abin da ake girba yanzu shukar mutanen da suka tafi ne, kuma injin Fox, wato manhajar ƙera gem da ƙungiyar Kojima ta gina da kuɗin kamfanin an ajiye shi an koma hayar injin Unreal na kamfanin Epic, har a eFootball. Ni da nake rubuta manhaja na san cewa ilimin irin wannan aiki yana zaune ne a cikin kawunan mutanen da suka daɗe suna aiki tare, kuma idan suka watse ba a sayo shi a kasuwa.

Zan ba da misali ƙarami. Kazuhisa Hashimoto, lokacin da yake mayar da Gradius kan Famicom a 1986, ya ga gem ɗin ya yi masa wuyar gwadawa, sai ya saka wa kansa wata ɓoyayyiyar hanyar sauƙaƙa wasan ta danna maɓallai a jere: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Aka fitar da gem ɗin ba a cire ta ba, daga baya aka saka ta a Contra tana ba da rai talatin, yau kuma ana kiranta da sunan kamfanin a duk duniya. Hashimoto ya rasu a watan Fabrairun 2020. Irin wannan abu yana fitowa ne daga ma'aikacin da ke zaune a cikin gida yana jin cewa aikin nasa ne. Tambayata ita ce, wane sabon suna kamfanin ya ƙirƙiro cikin shekara goma da suka wuce wanda za a iya sake ginawa a 2045?

Maman Yusra:
Kafin Malam ya amsa, ina da tambaya ga Abban Khalil tunda ɗansa yana bugawa. Ana iya gina ƙungiya mai ƙarfi a eFootball ba tare da sayen kuɗin cikin gem ba, ko kuwa sai an biya ake iya karawa da waɗanda suka biya?

Abban Khalil:
Ana iyawa, Hajiya, amma da haƙuri. Akwai maki da ake tarawa ta hanyar buga wasanni, ana sayen 'yan wasa na yau da kullum da su, kuma ana raba wasu kyauta lokaci-lokaci. Fitattun katuna na tsofaffin taurari su ne akasari ake nema ta hanyar sa'a da kuɗin da ake saya. Abin da na yi a gidana shi ne ban haɗa katin banki da wayar yaron ba, na kuma sa kalmar sirri a wurin saye, sannan ranar Juma'a da yamma nakan jona tsohuwar PlayStation 2 ɗina, wadda har yanzu tana aiki, mu buga PES 6 ni da shi. Shi yake ɗaukar Inter yanzu, ni kuma ina ɗaukar Najeriya.